Ga Ruwa, Yaya

"Madam, buɗe jaka."

Suwaiba ta zuge jakar ta tura masa a kan tebur. Mai gadin ya zura hannu yana birkita kayan ciki sai ka ce shi ya ba ta ajiya. Ya zaro ƙullin ƙuli-ƙulin da ta kawo wa mijinta, ya juya shi, ya shinshina, ya mayar. Sannan ya nuna mata wata ƙofar ƙarfe da aka tsayar a tsakiyar fili, ba bango ba ƙyaure, ya ce ta bi ta ciki. Tana shiga abin ya ɗauki kuwwa. Ta fito, ta cire awarwaro, ta koma, ya sake tsala ihu. Da ƙyar aka gano ɗan fil ɗin da ta maƙale mayafinta da shi ne ya tayar wa gwamnatin tarayya hankali.

"Wuce," in ji shi.

Ta ja tsaki ta wuce.

Ginin dai an narka masa dukiya, wannan ba musu. Kotu ce ta tarayya, sabuwa fil, an dasa ta a tsakiyar Jos, gilashi tun daga ƙasa har sama. Daɓen kuwa tayil ne mai santsi, mutum na ganin fuskarsa a ciki, kuma tsaf zai kai tsohuwa wurin mai ɗori. Ga tuta, ga furanni a tukwane, ga wani gunkin mace an ɗaure mata ido an miƙa mata sikeli kamar mai sayar da nama. Amma abin da ya fi ƙona wa Suwaiba rai shi ne sanyin. A Jos fa, a tsakiyar damina, garin da mutum ke kwana cikin bargo ya tashi da mura, wani mai hankali ya zauna ya ga ba abin da jama'a suka rasa sai na'urar sanyi a kowane lungu. Duk wanda ka gani ya takure. Ta ƙara jan mayafi, ta ce a ranta duk wannan ƙyale-ƙyalen dai wurin ɗaure mutane ne aka yi wa kwalliya.

Mijinta Datti ne a ɗaure. Direban akori-kura ne, dankali da kabeji yake ɗaukowa daga Barikin Ladi zuwa kasuwar Farin Gada tun kafin aurensu. Ana gab da shiga azumi jami'ai suka tare shi a hanya, suka sauke buhunan dankali, suka tarar da buhunan kuza a ƙarƙashi, babu izinin haƙa, babu na ɗauka. Kuzar ta yayanta ce, Alhaji Sharafaddeen, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya tako har gidansu a Gangare ya ce Datti ya ɗauko masa, takardunsa a cike suke, in an tare shi waya kawai zai yi. Aka tare shi. Ya yi waya, waya a kashe. Tun daga ranar Datti ke gidan yari, an yi azumi an yi sallah ba shi, 'yarsu Salma har ta daina tambaya.

Suwaiba tana ɗakin ranar da aka yi maganar, ita ma ta zuba musu shayi. Amma da lauya ta tambaye ta, cewa ta yi tana madafi, ba ta ji komai ba. Don Inna ta riga ta kira ta, ta zaunar da ita a bakin gado, ta ce, "Sharafu ke riƙe da gidan nan tun rasuwar ubanku. Ranar da kika buɗe baki a kansa gaban hukuma, ban yafe miki nonon da kika sha ba." Sannan ta lallashe ta da cewa Sharafun da kansa zai je kotu ya wanke Datti, ta dai yi haƙuri. Ta yi haƙurin har ya ishe ta. Yau ce ranar.

A saman bene ta sami lauyar, Barista Ngozika, rungume da takardu tana latsa waya. Haifaffiyar Jos ce, Hausarta irin ta kan titi, mai gudu, ba ruwanta da namiji ko mace.

"Maman Salma, ka zo? Ina yaya naka?"

"Yana hanya, wai."

"Gara ya zo fa. Shi kaɗai ne shaida namu. In ya ce kaya nashi ne, shi ya aiki oga naka, to muna da magana. Kuma kotu zai tafi hutu ƙarshen sati. In yau ya wuce, sai bayan damina."

Bayan damina. Suwaiba ta jingina da ƙarfen bene tana kallon ƙofar shigowa.

Ya zo kuwa, kuma kowa ya san ya zo. Babbar riga fara ƙal ta sha sitaci, hula ta zauna daram, carbi mai manyan 'ya'ya yana lilo a hannu, ga dattawan majalisar ƙofar masallacinsu suna biye da shi kamar za su ɗaurin aure. Ƙofar ƙarfen ta yi masa kuwwa shi ma, amma mai gadin sara masa ya yi, ya ce, "Wuce, oga." Alhaji ya tsaya a tsakiyar falo ya ɗaga kai yana kallon rufi, baki a sake. Sannan ya miƙa wa ɗaya daga dattawan waya, ya gyara riga, aka ɗauke shi hoto a gefen matar mai sikeli. Mutumin da surukinsa ke kwana a kan siminti saboda shi! Tir.

Benen hawa ɗaya ne tak, amma sai da ya jira na'urar hawa, don dai a ce ya shiga.

"Suwaiba, kin ga gini? Wallahi sai ka ce ƙasar waje."

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Kin shiga abin nan kuwa? Dannawa kawai za ki yi, sai ki gan ki a sama."

"Ban zo yawon buɗe ido ba, Yaya. Wurin Datti na zo."

Ya ɓata fuska, ya dubi dattawan ko sun ji. "Ke dai har kullum bakinki. Ba ga ni na zo ba? Ki kwantar da hankalinki, abin da na sani shi zan faɗa."

Bai dube ta ba da ya faɗi haka. Carbinsa yake kallo.

Ɗakin shari'ar ya fi waje sanyi. Kujeru masu laushi, katako mai sheƙi, lasifika a gaban kowa. Lauyoyi sun cika sahun gaba cikin baƙaƙen riguna, kowa ya kifa wata hula mai kama da gashin tunkiya, manya-manyan mutane da 'ya'yansu a gida, ba ko kunya. Aka buga ƙofa, wani ya daka tsawa, kowa ya miƙe. Mai shari'a ta shigo, dattijuwa ce da tabarau, ba ta da alamar wasa. Aka shiga kiran ƙararraki. Lauya ya tashi ya rusuna ya yi Turanci, wani ya tashi ya rusuna ya mayar masa, a buɗe kalanda, a sa wata rana, a fita da mutum da ankwa. Suwaiba ba ta jin Turanci sosai, amma ta gane wannan sarai, don an yi mata shi ba sau ɗaya ba.

Can aka shigo da Datti. Ya rame, wuya ya yi tsawo, rigar da ta kai masa da sallah tana yawo a jikinsa. Ya waiga yana nemanta, da suka haɗa ido ya ɗan yi murmushi. Sannan ya hango Alhaji, sai fuskarsa ta washe, har da ɗan rusunawa daga cikin akwatin masu laifi. Bawan Allah, har yanzu gaishe shi yake yi. Tausayinsa da haushinsa suka kama ta lokaci guda.

Barista Ngozika ta tashi ta kira shaidarta. Alhaji ya miƙe, ya tattara riga, ya taka a hankali kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Magatakardan kotu, wanda shi ne kuma tafinta, ya matso kusa da shi.

"Musulmi ne kai ko Kirista?"

Alhaji ya ɗaga carbinsa kaɗan, ya yi masa kallon ba ka da ido ne. "Musulmi, alhamdu lillahi."

"Za ka rantse da Alƙur'ani, ko za ka ɗaga hannu ka yi alkawarin faɗin gaskiya?"

Alƙur'anin yana kan teburin magatakarda, a naɗe cikin koren ƙyalle. Alhaji ya dube shi, ya kau da kai. Ya yi gyaran murya.

"To, da na so ƙwarai. Sai dai ba ni da alwala."

Shi ke nan. Magatakarda bai ga komai a ciki ba, kullum yana jin haka, kuma akwai masu gaskiya da yawa da ke gudun taɓa littafin don girmansa. Amma wannan Sharafaddeen ne. Mutumin da duk Gangare ta gaji da jin cewa tun da ya dawo daga Makka bai taɓa taka ƙofar gida ba alwala ba. Mutumin da ko gaisuwa ka miƙa masa sai ya sanar da kai alwalar walaha ce a jikinsa. Yau, yau kaɗai, ita ce ta ɓace. Ko yaron goye a unguwarsu ya san mutum na iya ɗaga hannu sama ya shirga ƙarya ya tafi gida ya ci tuwo, amma ba ya dafa Alƙur'ani ya yi ta. Ƙarya Yaya ya zo yi. Zai ce bai san kuza ba, bai san zancen ba.

Datti ma ya gane. Murmushin ya gushe, ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa.

Suwaiba ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta zura hannu a jaka, ta zaro goran ruwan da ta ɗebo daga gida, ta ɗaga shi sama.

"Ga ruwa, Yaya."

Ɗan sandan kotu ya yunƙuro yana faɗin, "Madam, zauna! Zauna!" Barista Ngozika ta waigo ido waje. Hulunan tunkiya duk suka juyo. Suwaiba ba ta zauna ba, ba ta kuma sauke goran ba.

Mai shari'a ta ɗaga wa ɗan sandan hannu. Ta zare tabarau, ta yi magana da Hausa tas, ba ta bi ta kan tafinta ba.

"Ke wace ce?"

"Ƙanwarsa ce, ranki ya daɗe. Matar wancan kuma."

"Kin san ina iya sa a rufe ki a kan abin da kika yi yanzu?"

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ji na yi ya ce ba shi da alwala."

Wani ya yi dariya a baya ya mayar da ita tari. Mai shari'a ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya ga shaida.

"Alhaji, doka ba ta tilasta maka taɓa littafi ba. Kana iya ɗaga hannu, kotu za ta karɓa. Amma kai da bakinka ka ce ka so ƙwarai. Alwalar ce kaɗai ta hana ka?"

Ga ƙofa an buɗe masa, da zai iya bi. Sai dai da hannunsa ya kwaso dattawan majalisa don su ga yadda ake girmama shi a kotun tarayya, ga su nan a jere sun zuba masa ido, ɗaya har yana gyaɗa kai yana cewa a hankali, "Ai Alhaji da alwala, ba wata wahala." In ya ce a'a a gabansu, kafin la'asar zancen ya gama Gangare. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, a cikin wannan uban sanyin.

"Ita ce kaɗai, ranki ya daɗe."

"To madalla. Kotu za ta ɗan dakata. Je ka yi, muna jiranka."

Ya sauko. Da ya zo wucewa ta gabanta ya fizge goran, ya sunkuyo kamar mai gyara takalmi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Inna za ta ji wannan." Ya fita, riga na shara.

Aka zauna jira. Lauyoyi suka fito da wayoyi. Barista Ngozika ta matso ta ce, "Maman Salma, ka kusa kashe ni yau. Kada ka sake." Amma tana faɗa tana danne dariya. Datti bai ɗago ba. Dattawa suka yi ta duban ƙofa. Alwala dai ba wanka ba ce, ko ta mai waswasi ta isa ta ƙare. Ɗaya daga cikinsu ya tashi ya fita, wai zai duba. Shi ma shiru. Suwaiba ta miƙe ta bi bayansa.

A gindin bene ta tarar da dattijon, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Baba, ina Yaya?"

"To, 'yar nan... mai gadi ya ce ya ga fitarsa. Wai cikinsa ne ya murɗa."

Ta leƙa ta gilashi. Inda ya ajiye motarsa wayam. Ko dattawan da ya kwaso bai tsaya ɗauka ba, ya bar su su nemi keke. Goran ruwan kuwa ga shi can a bakin tukunyar fure kusa da ƙofa, cike, ko murfin ba a taɓa ba.

Wata dariya ta kuɓuce mata, mai ɗaci. Ka ji Yaya! Yana tsoron Allah daidai inda ba zai dafa littafinSa ya yi ƙarya ba, amma tsoron bai kai ya faɗi gaskiya ba. Ya zaɓi gudu da babbar riga. Duk tsawon rayuwarta wannan mutumin take rusuna wa, shi ake ɗebar wa nama kafin kowa, shi ake yi wa shiru in yana barci. Ta ji ya fita daga idonta fit, ko ɗigon girmansa bai rage ba.

Barista Ngozika ta sauko da sauri, ta cire hular tana fifita da ita.

"Ya gudu ko? Na sani. To ji, zan roƙi kotu ya sa a kamo shi. Amma wannan sai bayan hutu, oga naka zai koma ciki. Kuma ko an kawo shi, mutum da ya gudu yau, me zai faɗa gobe?" Ta yi ajiyar zuciya. "Da akwai ko mutum ɗaya da ya ji lokacin da ya ba shi aikin, da yanzu zan sa shi a akwatin shaida. Mai shari'a tana zaune, ta ga komai da ido nata."

Wayar Suwaiba ta hau ruri a cikin jaka. Ta ciro. Inna ce. Har ya kai ƙara ke nan, tun bai isa gida ba. Ta tsaya tana kallon sunan. Tana son uwarta, kuma tana tsoron bakinta fiye da duk wata kotu, don ba a taɓa jin Inna ta faɗi magana ta janye ba. Wayar ta katse, ta sake ɗauka.

Ta mayar da ita cikin jaka tana rurin, ta zuge.

Ta taka zuwa bakin ƙofa, ta ɗauki goran. Ta zauna a gefen tukunyar furen, ta tuɓe takalmi, ta naɗe hannun riga, ta buɗe murfin. Ta yi bisimilla ta wanke hannu. Ta kurkure baki ta zubar a gindin furensu.

"Madam! Madam, ba a zuba ruwa a nan!" mai gadin ya taso.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wanke fuska, ta wanke damatsa, ta zura jiƙaƙƙen hannu ƙarƙashin ɗankwali ta shafi kai. Ruwan sanyi ƙarara, hawayenta kuma da zafi, suka haɗu a haɓarta. Ta wanke ƙafar dama, ta wanke ta hagu, ruwan ya gangara a kan tayil ɗin gwamnati. Dattijon majalisa ya matso.

"'Yar nan, me za ki yi? Ki tuna da mahaifiyarki."

"Da ita nake tunawa tun azumi, Baba."

Ta sa takalmi, ta miƙe, ta gyara mayafi. Barista Ngozika na tsaye da hula a hannu, tana kallonta.

"Ba na madafi ranar, Barista. Ina ɗakin. Ni na zuba musu shayi."

Lauyar ta matso kusa da ita. "Ka san yaya naka ne za ka kira suna a gaban kotu? In ka fara, babu komawa."

"Na sani."

"Za ka ɗaga hannu, ko..."

Suwaiba ta riga ta fara hawa benen, sawunta na barin danshi a kan matakala.

"Ki ce su kwance ƙyallen Alƙur'anin," ta ce. "Ni ina da alwala."